Na Gina Gaɓar da Ta Cinye Yayana

Masu tambayata ko an sa rana, an sa. Masu cewa in turo hoton gomesin da zan saka, rigar bikin matan ƙasarmu, ku yi haƙuri, yana cikin leda a ƙarƙashin gado, ko warware shi ban yi ba. Abin da ya same ni a makon nan shi zan ba ku, don ni kaina sai na rubuta abu nake yarda ya faru.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, sunana Shamim Namiiro. A Namusenyi aka haife ni, bakin tafki, amma a Kampala nake aiki, a wani ɗaki da ke saman kantin magani a Ntinda, inda mu 'yan kaɗan muke haɗa wasannin kwamfuta. Wani yana zana mutane, wani yana haɗa sauti, ni kuwa ƙasa ce tawa. Ni nake yanke inda hanya za ta bi, inda gida zai tsaya, inda mai wasa zai laɓe, inda zai hango haske ya gane can ake so ya nufa. Ssenga Zaituni, ƙanwar marigayi babana, ta ce aikina gina gidajen da ba mai kwana a ciki. Kusan kullum sai ta maimaita min a saƙon murya, ta ƙara da cewa sa'o'ina duk sun gina na gaske, da miji da 'ya'ya a ciki.

Ba wanda bai san shirin talabijin na Fitilar Gaɓa ba. Har masu boda, wato 'yan acaɓarmu, suna tsayawa bakin shagon aski su kalli Musoke, masuncin nan matalauci mai jar riga. A garinmu aka ɗauki shirin. Da kamfanin ya so a mai da shi wasa, mu aka ba aikin, shugabarmu Apio kuma ta ɗora min zango mafi girma: garin kaf, daga kasuwar kifi har tsibiri. Ta ce tunda a can aka yanke min cibiya, ba na bukatar taswira.

Wanda ya yi mana hanyar aikin shi ne Twaha Ssemakula, mai kula da ɗaukar shirin, kuma shi ne mutumin da zan gabatar wa dangina a wata mai zuwa a matsayin mijin da zan aura.

Lokacin da suke ɗaukar shirin, a tsakar gidanmu suke ajiye kaya, yayana Swaibu kuma shi yake tsallakar da su a kwale-kwale. A cikin wannan aikin ne ruwa ya ci Swaibu. Abin da aka faɗa mana shi ne an tashi daga aiki, ya fita shi kaɗai duba ragarsa, hadari ya rutsa da shi. Twaha yana cikin waɗanda suka yi ta nema har aka same shi. Ya ɗauki makara. Tun daga nan wata ba ya ƙarewa bai je wurin Maama mahaifiyarmu ba, da sukari, da nama, da maganinta na hawan jini. Ba ta kiransa da suna, sai dai ta ce ɗana.

Kada ku ce tilas aka yi min, ba a yi ba. Na so shi. Mutum ne mai magana ƙasa-ƙasa, ranar Juma'a ya zo cikin farar kanzu, doguwar rigar maza, yana ƙamshi, ya zauna a bakin ƙofar ɗakina a Kisaasi ya ƙi shiga sai maƙwabciyata tana nan. Kowace safiya saƙonsa ne yake riga ƙarar agogo: "Kin karya? Kada ki hau boda ba hular kwano." Gaggawar duk ta Ssenga ce. Ita ta zaɓi launin yadi, ita ta raba wa dangi aiki, ita take lissafa min shekaruna kamar na manta.

Wata da watanni ina gina Namusenyi. Na gina masallaci da rufinsa mai tsatsa, na jera gadajen shanya mukene, ƙananan kifin tafkinmu, na sa babba-da-jaka suna tsaye a kan juji kamar tsofaffin da suka zo gaisuwar mutuwa. Hanyar da ta tashi daga masallaci zuwa kasuwa na rage mata tsawo, don Apio ta ce mai wasa zai gaji kafin ya kai. Na ce ai haka take. Ta ce ba garin da yake ake so ba, garin da masu kallo suke tunawa ake so. Haka na ciro bishiyar mangwaro daga bayan makaranta na dasa ta bakin kwatar jiragen ruwa, don a shirin can take. Gidanmu ba ya cikin shirin, amma na saka shi a lungu da shuɗiyar ƙofarsa, ba wanda ya hana ni.

Abu ɗaya na yi ta ɗagawa, wato wurin hadari. A shirin akwai ranar da Musoke ya fita cikin iska kwale-kwalensa ya kife, ƙasa duka ta yi kuka, sai a mako na gaba aka nuna ya farfaɗo a bakin tsibiri. Ni ban taɓa kallon wurin ba. Tun rasuwar Swaibu ba na iya ganin ruwa yana rufe kan mutum, ko da wasa ne. Maama kuwa duk sanda aka maimaita sai ta ja kujera gaban talabijin ta yi ta hawaye. Ta ce kukan Musoke yana rage mata nata.

A wasan, nan ne ƙarshen zangona, mai wasa zai tuƙa cikin hadari. Na yi na farko da ka. Apio ta gwada, ta ture abin wasan ta ce wannan ruwan baho ne, ba tafki ba. Ta kira kamfanin ta ce a turo mana ɗanyen hoton da aka ɗauka ranar, wanda ba a tace ba, in ga yadda igiyar ruwa take tashi da yadda haske yake. Twaha yana Mbale wurin wani aiki. Wata ma'aikaciyarsu ta kwaso komai a faifai ɗaya, ba ta ko duba ba, ta ba mai boda ya kawo.

Bayan azahar na saka abin ji a kunne na buɗe.

Wata 'yar gaɓa ce a bayan tsibiri, inda ba kowa sai duwatsu da tsuntsaye. An kunna kyamara tun kafin a fara, mutane suna kai da komo, sama ta yi baƙi daga kudu. Sai wani ya shigo cikin jar rigar Musoke da malafarsa. Ba jarumin ba ne. Kafin ya juyo na san keyar nan.

Swaibu ne. A ƙarƙashin jar rigar yana sanye da rigar ceto mai ruwan lemo. Yana nuna sama yana ce wa wani da ba a gani iskar nan za ta juya, a bari sai gobe. Muryar ta ce gobe ba za a sami irin wannan gajimaren ba. Sai Twaha ya shigo, ramamme a lokacin, da oba-oba a hannu. Ya dafa kafaɗar yayana, da muryar nan tasa mai sanyi ya ce rigar ceton tana kumbura jar rigar, kuma kowa ya san Musoke ba shi da halin sayen irinta. Ya ce daga nan zuwa dutsen can ne kawai ya dawo, ga jirgi mai inji yana jira.

Da hannunsa ya kwance masa maɗaurin. Swaibu ya yi dariya ya ce, "To shugaba, in na jiƙe kai za ka sayi shayi."

Ya tura kwale-kwale ya hau, ya durƙusa da gwiwa ɗaya, filafili a hagu, yadda Baba ya koya masa. Ya kai dutsen. Yana juyowa ruwan sama ya sauko kamar an yaye labule, igiya ta farko ta ɗaga shi, ta biyu ta kifar. Wata mace ta yi ihu. Muryar da ba a gani ta ce kada a kashe kyamara. Ina jin ana ta jan igiyar inji yana tari yana mutuwa. Twaha ya ruga cikin ruwa har ƙirji yana kiran sunan Swaibu, yana kira, muryarsa ta dishe, rigar ceton tana hannunsa har lokacin. Kan yayana ya fito sau ɗaya. Hoton ya yanke.

Daga nan na nemo wurin a shirin da aka nuna wa duniya, na kalla karo na farko. Fuskar jarumin ce a kusa, ana watsa masa ruwa. Amma duk inda aka nuno kwale-kwalen daga nesa, ɗan ɗigo ja cikin ruwan sama, ba a sake ɗaukar komai ba. Wanda Maama take zama tana kallo yana kifewa duk sanda aka maimaita, ɗanta ne.

Na shiga banɗaki na kulle kaina. Apio ta buga ƙofa, na ce waken rana ne bai karɓe ni ba.

Washegari da sassafe na hau mota zuwa gida. Niyyata in wuce kai tsaye wurin Maama, amma shagon Ssenga yana bakin mararraba, inda mota take sauke mutane, kuma idonta ba ya kuskure kowa. Ta fito da tsintsiya a hannu tana tambayar wa ya mutu da zan zo ranar aiki. Na durƙusa na gaishe ta, na ce mu shiga ciki. A tsakanin sandunan sabulu da yadudduka na miƙa mata wayata.

Ba ta kalla har ƙarshe ba. Tun daga inda aka dafa kafaɗa ta kife wayar a cinyarta. Ba ta tambaye ni wane ne ba, ba ta tambaye ni ina na samu ba. Nan na gane ta daɗe da sani.

Ta ce bayan addu'ar arba'in Twaha ya zo mata nan shagon, ya zauna a kan buhun gishiri yana kuka kamar yaro, ya faɗa mata komai. Manyansa sun haɗa bakin ma'aikata a kan zancen duba raga, shi kuma ya kasa barci, yana so ya je ya faɗa wa Maama. Ita ta hana shi. Ta ce masa faɗar ba za ta fito da kowa daga kabari ba, sai dai ta ƙara wani.

"Na ce masa, ka ɗauke wa gidan nan namiji, sai ka zama namijin gidan. Kuma ya zama. Ko akwai abin da kuka nema kuka rasa?"

Na ce, "Ni fa, Ssenga? Ina cikin abin da aka biya da shi, ko ni ce abin da aka saya?"

Ta ce in gyara bakina. Ta rantse shi ya gan ni ya so ni da kansa daga baya, ita ƙofa kawai ta buɗe. Sai ta matso, ta rage murya kamar mai ba ni sirrin girki.

"Ke yarinya ce. Namijin da ya san yana da laifi a gidanku ba zai taɓa ɗaga miki hannu ba, ba zai taɓa ɗaga miki murya ba. Mata nawa ne suke samun irin wannan?"

Na ce zan faɗa wa Maama. Ta ce in je, hanya a buɗe take, amma in tuna wancan watan sau nawa aka kwashe ta zuwa asibiti, in kuma fara tanadin likkafani tun yanzu, don ita ba za ta taya ni wanka ba.

Na sami Maama a bakin gadajen shanya tana baza mukene da tafin hannu, ta ɗaure kai da tsohon ɗankwalin da na saya mata da albashina na farko. Da ta gan ni ta saki kwando. Ba ta tambayi dalili ba, ta ɗauka zumuɗin amarya ne. Ta ɗora matooke, ayabar dafawa, a ganye, ta yi miyar gyaɗa, ta fito da gomesinta ta gwada min a tsakar ɗaki tana juyi, tana cewa kafaɗun sun yi tsini da yawa ko kuwa. Ta tambaye ni ɗanta ya dawo daga Mbale, ta ce in ce masa ya rage aiki, ya rame. Hoton Swaibu yana saman talabijin, sanye da rigar ƙwallo, yana murmushi.

Na buɗe baki sau da yawa. Kowane karo sai ta ƙara min miya. Da la'asar na ce aiki yana jirana, ta raka ni har mararraba da ƙullin kifi, Ssenga tana tsaye a ƙofar shago tana kallonmu.

Twaha ya dawo Kampala. Ya kira ban ɗaga ba. Saƙonni suka yi ta shigowa. "Lafiya?" Sai kuma, "Na je ɗakinki an ce kin fita." Sai kuma, "In na yi laifi ki faɗa min, zan gyara." Wannan na ƙarshen na daɗe ina kallonsa. Na rubuta amsa mai tsawo na goge, na rubuta kalma ɗaya na goge. Na gane Ssenga ba ta gaya masa na sani ba, tana tsoron kada bikin ya watse. Abin da ya fi ci min rai, masu karatu, shi ne har lokacin in wayar ta yi ƙara zuciyata tana tsalle yadda ta saba, kafin in tuna.

Aiki na koma. Na share ruwan bahon nan gaba ɗaya. Na gina 'yar gaɓar bayan tsibiri dutse bayan dutse, ban rage nisa ba, ban matsar da komai ba. Na auna igiyar ruwa daga hoton, ta farko mai ɗagawa, ta biyu mai kifarwa. Na sa jirgi mai inji a gefe yana tari. Sannan na yi abin da ba aikina ba ne: na ɗauki mutum-mutumin Musoke na gyara masa tsayuwa, na durƙusar da shi da gwiwa ɗaya, na mai da filafili hagu. Kafin a fara tuƙi na saka ɗan gajeren wuri, mutum biyu a kan dutse, ɗaya ya dafa kafaɗar ɗaya, ya kwance masa riga mai ruwan lemo, ya tsaya riƙe da ita. Ban yi masa fuska ba. Oba-oba kawai na sa masa a hannu.

Ban yi don kowa ya gani ba. So nake a ce akwai wuri ɗaya a duniya, ko da cikin kwamfuta ne, inda abin ya faru yadda ya faru. Amma hannu ya saba, da na gama sai na ajiye shi inda muke ajiye aikinmu duka.

Ranar Alhamis da rana na sauka sayen capati da ƙwai. Ina hawowa bene da ledata na ji dariyar da ba zan taɓa kuskurewa ba.

Maama ce a kan kujerata, cikin gomesinta na zuwa unguwa, jakarta a cinya. Twaha yana tsaye a bayanta. Ashe ya je ya ɗauko ta ganin likita, da ya ga fushina ya ƙi ƙarewa sai ya ce bari ya kawo min wadda ba zan iya share ta ba. Apio ta ba ta shayi, ta zauna kusa da ita da abin wasan a hannu tana zagaya da ita Namusenyi. Maama tana nuna allo da yatsa tana cewa ga masallaci, ga rumfar mai gawayi, wa ya kawo mangwaron nan bakin kwata. Da aka shiga lungu ta ga shuɗiyar ƙofa, ta rufe baki tana dariya, ta ce tata ba ta kai wannan tsafta ba.

Twaha ya ɗago ya gan ni a bakin ƙofa, ya yi min murmushin mai neman sulhu.

Apio ta ce, "Maama, ba ki ga komai ba. Bari ki ga sabon da 'yarki ta gama jiya, ni ma ban gani ba tukuna."

Kalma ɗaya ta isa in tsayar da ita. Har yanzu ban sani ba ko harshena ne ya ƙi, ko ni ce na ƙi.

Allon ya yi duhu, duwatsu suka fito, sama baƙa daga kudu. Mutum biyu. Na ga murmushin Twaha ya tsaya a fuskarsa kamar an manta shi a can. Hannunsa da ke kan kujerar Maama ya sauka a hankali. Mai jar riga ya tura kwale-kwale ya hau, ya durƙusa, kyamarar wasan tana bayansa dab da keyarsa, ba daga nesa ba kamar a talabijin.

Maama ta ajiye kofin shayi. Ta matso da fuskarta har numfashinta yana taɓa allon.

"Wannan ba Musoke ba ne," ta ce. "Musoke da dama yake tuƙi."

Apio ta dube ni, ta dubi Twaha, yatsunta suka saki abin wasan. Kwale-kwalen ya ci gaba shi kaɗai, igiya ta farko ta ɗaga shi.

Maama ta ce a mayar baya. Ta ce a mayar inda suke kan dutse. Apio ta mayar. Maama ta kalli hannun nan yana kwance maɗauri, ta kalli rigar tana rataye a hannun mutumin da ba shi da fuska. Ta daɗe tana kallo. Na jira ta juyo gare ni, na riga na shirya durƙusawa.

Ba gare ni ta juyo ba. Ta juya da kujerar gaba ɗaya, ta kamo hannun Twaha da hannayenta biyu yadda ta saba in za ta sa masa albarka.

"Ɗana, kai kana wurin lokacin da ake ɗaukar shirin nan," ta ce. "Faɗa min, wane ne wannan da ya cire wa Swaibu riga?"